Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Gidan Tarihin Louvre da Ma'aikatar Al'adu ta Faransa Kan Farashi Biyu a Ƙofa Ɗaya

Masu girma shugabannin gidan tarihin Louvre da jami'an Ma'aikatar Al'adu ta Faransa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, dalilin wannan wasiƙa shi ne matakin da ya fara aiki ranar 14 ga watan Janairun 2026, wanda ya raba masu ziyartar gidan tarihin Louvre da ke birnin Paris gida biyu wajen biyan kuɗin shiga. Daga wannan rana, 'yan ƙasashen Tarayyar Turai da na Norway da Iceland da Liechtenstein, tare da baƙin da ke da takardar zama a cikinsu, sun ci gaba da biyan Yuro 22, shi kuwa wanda ya fito daga sauran sassan duniya sai ya biya Yuro 32, wato ƙarin kashi 45 cikin 100. Wasu wuraren ma, irin su fadar Versailles da ta Chambord, sun bi wannan sahu. Na rubuta wasiƙar da Hausa, na kuma bar ta a buɗe, saboda miliyoyin masu magana da wannan harshe a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Ghana da Sudan suna cikin waɗanda aka ɗora wa farashi mai tsada, kuma ya kamata su san abin da aka yanke da hujjar da aka kafa, su kuma san cewa akwai kayan tarihin ƙasashensu a hannun waɗanda suka yanke hukuncin.

Ba na musun cewa Louvre na bukatar kuɗi, kuma bukatar ta gaggawa ce. Dalar gilashin da ke ƙofar shiga gidan, wadda aka buɗe a 1989, an tsara ta ne domin karɓar kimanin mutum miliyan 4 a shekara, amma a 2024 mutum miliyan 8.7 ne suka ziyarci gidan. Duniya ta ga yadda ɓarayi suka hau ta taga da safiyar ranar 19 ga Oktoban 2025, suka kwashe kayan ƙawar sarauta da aka ƙiyasta darajarsu ta kai Yuro miliyan 88 cikin 'yan mintoci, kuma bayan makonni kaɗan yoyon ruwa ya lalata ɗaruruwan littattafai a ɗakin karatu na sashen tarihin Masar. Aikin gyaran da Shugaba Emmanuel Macron ya sanar a watan Janairun 2025 zai ci ɗaruruwan miliyoyin Yuro, kuma kun bayyana cewa sabon farashin zai riƙa kawo tsakanin miliyan 15 zuwa 20 a kowace shekara. Duk mai son a adana tarihi zai so a toshe yoyo, a ƙarfafa tsaro, a kuma kyautata wa ma'aikata. Abin da nake ja a kansa shi ne inda aka ja layin da ya raba mai biya kaɗan da mai biya da yawa.

Shi kansa farashi biyu ba baƙon abu ba ne, kuma a wurare da dama adalci ne. A Taj Mahal ɗan Indiya yana biyan rufi 50, baƙo kuma 1,100. A birnin Petra ɗan Jordan yana shiga da dinari 1, ɗan yawon buɗe ido kuma yana biyan 50. A Angkor ɗan Kambodiya ba ya biyan komai, baƙo kuwa dala 37 ne kuɗinsa na yini guda. Hikimar wannan tsari a fili take: abin da ke cikin waɗannan wurare na mutanen ƙasar ne, kakanninsu suka gina shi, kuma abin da akasarinsu ke samu a wata bai kai abin da baƙon ke kashewa a kwana ɗaya a otal ba. Da za a sa farashi guda wanda zai iya ɗaukar nauyin kula da wurin, da manomin da ke zaune a bayan katanga zai tsufa bai taɓa leƙa abin da mutane ke tsallako teku su gani ba. Rangwamen da ake yi wa ɗan gida a irin waɗannan ƙasashe hanya ce ta hana talauci ya raba mutum da gadonsa. Ni kaina, da za a nemi shawarata game da gandun dajin Yankari ko Gidan Makama na Kano ko gidan tarihin Boubou Hama da ke Yamai, zan ce a sauƙaƙa wa ɗan gida, a karɓi abin da ya fi haka daga hannun mai zuwa da dala ko Yuro.

Abin da aka yi a Louvre kuwa ya juya wannan hikima a baibai. Waɗanda aka yi wa sauƙi su ne mutanen wasu daga cikin ƙasashen da suka fi kowa wadata a duniya, sauran bil'adama kuma aka yi musu kuɗin goro, aka haɗa attajirin da ya sauko daga jirginsa na kansa da malamin makarantar da wata ƙungiya ta biya wa kuɗin jirgi domin halartar taron kwana uku. Yuro 32 daidai yake da kusan sefa 21,000, wato jaka 21, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne a wata. Tikiti ɗaya ya cinye rabin albashi ke nan. A Najeriya, inda mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun daga 2024, wannan tikiti ya kai kimanin naira 50,000. Shi kuwa ma'aikacin Faransa mai karɓar albashi mafi ƙanƙanta, Yuro 22 ɗin da zai biya ba su wuce ladan aikinsa na awa uku ba. Bambancin ya fi muni ga matasa, domin saurayi ɗan shekara 22 daga Oslo ko Luxembourg kyauta yake shiga, tun da ba a karɓar kuɗi daga mazauna wannan yanki na Turai da ba su kai shekara 26 ba, amma tsaransa daga Damagaram ko Zariya sai ya biya cikakken farashi mai tsada.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce ta haraji. A watan Oktoban 2024, ministar al'adu Rachida Dati ta nuna cewa bai dace Bafaranshe ya biya kuɗin shiga Louvre daidai da ɗan Brazil ko ɗan Sin ba, kuma ma'anar maganar ita ce Bafaranshe ya riga ya biya nasa kason ta hanyar harajin da gwamnati ke tallafa wa gidan da shi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma da a kanta aka gina tsarin, da na girmama ta. Sai dai layin da aka ja bai bi ta kan masu biyan haraji ba. Ɗan Jamus da ke zaune a Berlin ko ɗan Norway da ke zaune a Bergen ba ya biyan harajin albashi ga baitulmalin Faransa, amma yana cikin masu rangwame. An sa shi a ciki ne saboda dokar Tarayyar Turai ta hana ƙasa ta fifita 'ya'yanta a kan sauran 'yan Tarayyar a ƙofar gidan tarihi, kuma kotun Tarayyar ta riga ta yanke hukunci a kan haka, a kan Sifaniya a 1994, a kan Italiya kuma a 2003. Ke nan abin da ya raba masu biyan 22 da masu biyan 32 shi ne wanda ke da kotun da za ta kare shi da wanda ba shi da ita. Baƙon da ya zo daga Afirka ma ai ba a banza yake zama a Paris ba: yana biyan harajin kwana a otal, yana biyan harajin kaya a kan kowane burodi da kowane tikitin jirgin ƙasa, kamar yadda Bajamushen ke biya.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke cikin gidan. Taj Mahal na Indiya ne daga tushe har kubba, Louvre kuwa, shi da kansa ya ce na duniya ne. A watan Disamban 2002, shugabannin manyan gidajen tarihi 18, ciki har da na Louvre, sun sa hannu a kan wata sanarwa da ke kare ci gaba da riƙe kayan tarihin wasu al'ummai, inda suka kafa hujja da cewa irin waɗannan gidaje suna yi wa mutanen kowace ƙasa hidima, ba 'yan ƙasa ɗaya kaɗai ba. Da wannan hujja aka daɗe ana amsa wa duk wanda ya nemi a mayar masa da kayansa. Da ita ake riƙe taswirar taurarin da aka yanko daga rufin haikalin Dandara na Masar a 1821, wadda Misirawa ke neman a mayar musu har yau, kuma a ƙarƙashin wannan hujja dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila, wanda aka tono a Susa da ke Iran a farkon ƙarni na 20, yake tsaye a Paris. Yanzu Bamisire da ɗan Iraƙi da ɗan Iran za su biya fiye da ɗan Sweden kafin su tsaya a gaban aikin hannun magabatansu. Wanda aka ba ajiya, ya ce ya fi mai kaya iya adana su, bai kamata ranar da mai kaya ya zo dubawa ya karɓi kuɗi a hannunsa fiye da abin da yake karɓa daga maƙwabtansa ba.

Ko ta fuskar kuɗin da aka gina gidan da su ma, waɗanda ba Turawa ba sun taka rawar da ba za a manta da ita ba. Sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012 ya samu gudummawar Yuro miliyan 17 daga Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya, tare da taimako daga Sarkin Maroko da Sarkin Kuwait da Sarkin Oman da ƙasar Azabaijan. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta amince a 2007 ta biya Yuro miliyan 400 domin amfani da sunan Louvre kaɗai a gidan tarihin Abu Dhabi. A yau 'yan dukan waɗannan ƙasashe suna cikin layin masu biyan 32.

Mu ma a arewacin Najeriya muna da namu a cikin wannan magana, kuma a nan zan ɗan daɗe. A watan Afrilun 2000, Shugaba Jacques Chirac ya buɗe wani sashe a cikin ginin Louvre, wanda aka sani da Pavillon des Sessions, domin baje fasahar Afirka da Asiya da Amurka da tsibiran Tekun Fasifik. Cikin abubuwan da aka baje a lokacin akwai biyu daga cikin mutum-mutumi uku na gasasshen yumɓu daga ƙasarmu da Faransa ta saya, waɗanda suka ƙunshi biyu na al'adar Nok, ɗaya kuma daga yankin Sakkwato. Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba da ke kudancin jihar Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe a 1928, kuma shekarunsu sun haura 2,000. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban ɗaya daga cikinsu a gidan tarihi na Jos ba zai manta da fuskar ba: idanu masu kusurwa uku da aka huda ƙwayarsu, ƙofofin hanci a buɗe, kitso mai tsari da aka ɗaure shi dunƙule-dunƙule a kan kai, da jerin duwatsun ado a wuya da wuyan hannu, duk an fitar da su daga yumɓu da haƙurin da ke nuna cewa maƙerin ya san mutumin da yake siffantawa. Gani ya kori ji, kuma hoto a waya ba ya nuna kaurin yumɓun ko sawun yatsan da ya lailaye shi.

Waɗannan uku an saye su ne daga hannun wani dillali a Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990, a daidai lokacin da masu haƙar sata ke yashe wuraren tarihi a arewacin Najeriya, kuma dokar Najeriya ta daɗe da haramta fitar da irinsu. Majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa sassaƙen Nok cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya, ta kuma soki wannan ciniki a fili. Bayan ce-ce-ku-ce mai tsawo, a 2002 Faransa ta amince cewa kayan mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta yarda ta bar su a hannunta a matsayin aro na shekara 25 wanda za a iya sabuntawa. Wato a rubuce yake, da sa hannun gwamnatinku, cewa Faransa na riƙe da kayan da ba nata ba ne, kuma masu su sun yi mata karamci. Bai dace sakayyar wannan karamci ta zama sanya ɗan Najeriya cikin masu biyan farashi mai tsada a ƙofar ginin da aka fara baje kayan nasa ba. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa Shugaba Macron a 2018 ya nuna cewa akwai kimanin kayan tarihi 90,000 daga Afirka kudu da Sahara a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, kuma abin da aka mayar tun daga lokacin, kamar kaya 26 da aka miƙa wa Jamhuriyar Benin a 2021, ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta. Muddin mayarwar na tafiya da wannan jinkiri, mafi ƙarancin abin da ya rage wa ɗan Afirka shi ne a sauƙaƙa masa hanyar zuwa ya gani.

Za a iya cewa wanda ya iya biyan kuɗin jirgi zuwa Paris ba zai gaza Yuro 10 ba. Wannan ya yi daidai ga wasu, amma bai san yawancin mutanenmu da ke isa can ba. Akwai uwar da ɗanta mai aikin gadi ko tuƙi ya yi shekaru yana tara kuɗi domin ta zo ta ga jikokinta, akwai malamin jami'a da aka gayyata taro aka ba shi guzurin da ba ya wuce na abinci, akwai ɗalibin da ya zo kwas na 'yan makonni, akwai mai sana'ar hannu da aka kawo baje koli. Kafin kowannensu ya taka ƙasar Faransa, ya riga ya biya Yuro 90 na neman biza, kuɗin da ba a mayarwa ko an hana shi, kuma a 2024 kusan rabin 'yan Najeriyar da suka nemi bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, hana su aka yi. Wanda ya tsallake duk waɗannan shingaye, ya rage masa wuni ɗaya da 'yan kuɗi kaɗan a aljihu, Yuro 10 na iya zama abin da zai sa ya tsaya a waje ya ɗauki hoton dalar gilashi ya juya.

Sai kuma abin da ke faruwa a bakin ƙofa, wanda ƙungiyoyin ma'aikatanku da kansu suka nuna damuwa a kansa tun kafin tsarin ya fara aiki. Farashi biyu na nufin dole a tantance wane ne wane. A ɗauki iyali guda a kan layi: ɗa mai takardar zama a Faransa ya miƙa katinsa ya wuce da tikitin 22, mahaifiyarsa da ta zo ziyara tana biye da shi da tikitin 32, jikanta mai fasfon Faransa na riƙe da gefen mayafinta yana tambayar dalilin da ya sa nata ya bambanta. Kuma a ranar cunkoso, lokacin da mutum dubu 30 ke neman shiga, ma'aikacin da ya gaji ba zai iya duba takardar kowa da natsuwa ba, kuma abin tsoro shi ne ido ya fara zaɓar wanda za a tambaya. Idan haka ta faru, Bafaranshe baƙar fata da aka haifa a Marseille shi zai fi shan tambaya, a gidan da juyin juya halin ƙasarsa ya buɗe wa jama'a tun 1793. Wannan nauyi ne da bai kamata a ɗora wa ma'aikacin da aka ɗauka domin ya tarbi baƙi ba.

Abin da nake roƙo ba zai rushe lissafinku ba. Ƙididdigar da kuke fitarwa ta nuna cewa Amurkawa ne kan gaba cikin baƙin da ke zuwa daga waje, kuma su da 'yan Ingila da 'yan Sin ne za su kawo kaso mai tsoka na sabon kuɗin. Ina roƙon a mayar da 'yan ƙasashen da Bankin Duniya ya sa a rukunin masu ƙaramin samu da masu matsakaicin samu na ƙasa zuwa farashin Yuro 22, a kuma ba matasansu da ba su kai shekara 26 ba damar shiga kyauta kamar tsaransu na Turai. Jerin sananne ne, ana sabunta shi kowace shekara, kuma ya ƙunshi Nijar da Chadi da Sudan da Najeriya da Ghana da Kamaru da Masar. Babu dokar Tarayyar Turai da ta hana a faɗaɗa rangwame ga wasu, kuma ƙasashen da ba su kai Faransa wadata ba sun riga sun nuna cewa abu ne mai yiwuwa. Indiya na karɓar rufi 540 daga 'yan ƙasashen maƙwabtanta a Taj Mahal, kusan rabin abin da sauran baƙi ke biya. Ruwanda, wadda ke karɓar dala 1,500 daga baƙon da ke son ganin goggon biri a dajin duwatsunta, dala 500 take karɓa daga sauran 'yan Afirka, 200 kuma daga 'yan gabashin Afirka. Idan Kigali ta iya bambance baƙo da baƙo gwargwadon hali da kusanci, Paris ma za ta iya.

Ina kuma roƙon a yi irin wannan sauƙi ga 'yan duk ƙasar da ke da kayan tarihi a baje a cikin gidan, ko da ba ta cikin wancan rukuni, kamar Iraƙi da Iran, sannan a riƙa bayyana wa jama'a a kowace shekara nawa ƙarin kuɗin ya kawo da kuma aikin da aka yi da shi, domin wanda aka karɓi ƙari a hannunsa yana da haƙƙin sanin inda ya tafi.

Wa'adin shekara 25 na aron sassaƙen Nok da na Sakkwato zai cika a 2027. Ina kira gare ku da ku gyara wannan tsari kafin a zauna maganar sabunta yarjejeniyar, ina kuma kira ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya da ta sa batun kuɗin shigar 'yan ƙasarta cikin sharuɗɗan da za ta gabatar, ko dai a dawo da kayan zuwa Jos da Kaduna da Sakkwato, ko kuma a tabbatar cewa mai su ba zai biya fiye da kowa ba kafin ya gan su.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani malamin tarihi daga arewacin Najeriya